Kukumar Kawu ce ta kauce ko kwamfuta ce ba ta da kunne?

Auwalu Situdiyo: Assalamu alaikum mutanen gida, an yini lafiya. Dan Allah a raba min wata gardama don tun shekaranjiya take cina. Kun san Kawu mai kukuma na bayan kasuwa, to abokan wani ango ne suka ɗauko shi suka kawo min shago wai ya yi wa angon waƙa amma suna so a ɗora masa fiyano da gangar kwamfuta yadda za ta shiga a waya. Na ɗauki muryarsa daban na ɗauki kukumar daban, ina buɗewa a kwamfuta sai na ga sautukansa da yawa ba sa zama a kan ki, wato matakan sautin da fiyano ke bi, sai su faɗa tsakanin maɓalli biyu na fiyano, ba wannan ba ba wancan ba, kuma duk sanda ya zagayo nan ɗin dai yake sauka. Sai na sa masa Auto-Tune, manhajar nan mai gyara murya, ya ja komai ya zauna daidai. Ni dai a kunnena ta yi tas. Ina kunna masa ya ɓata rai ya ce yaro wannan ba ni ba ne, ka shaƙe ni. Dattijon da ya rako shi ma ya ce an kashe waƙar. Samarin kuma suka ce wlh gyararriyar ta fi daɗi ita za su tura wa amarya. To kunnen wa ke da matsala a nan?

Ɗan Mahauta: Naka mana hhh. Mutumin da tun kana zanin goyo yake goga izga shi ne yau za ka ce bai iya ba

Bala Indiya: A'a a faɗi gaskiya ko da ɗaci, tsofaffin nan suna fita ki sosai, murya ta tsufa numfashi ya ragu. Na'ura ai ba ta san son kai ba, abin da ta gani ta nuna.

Jikan Makaɗa: Bala ka sake karanta abin da Auwalu ya rubuta. Cewa ya yi duk sanda ya zagayo wuri ɗaya yake sauka. Mai kuskure yau ya zarce gobe ya gaza, ba ya maimaita kuskure ɗaya cif cif daga farkon waƙa har ƙarshe. Wurin nan da kwamfuta ta ga babu komai, shi a wajensa akwai sauti a nan, can yatsansa ya saba zuwa. Ni a gidan kiɗa na tashi, kakana goge yake yi. Goge da kukuma ba su da alama a jiki da za ta ce maka danna nan, tsirkiya ɗaya ce ta izga, ka shafa ƙaro, ka gyara zaman jaki a kan fata, sai ka yi gunaguni da muryarka ka ɗaure tsirkiyar ta zo daidai da inda maƙogwaronka ya fi sakewa a ranar. Da damina fata ta sha sanyi sauti ya sauka, da hunturu ta bushe ya hau. Babu wanda ya taɓa cewa kakana ya fita ki don yau ya fara ƙasa da jiya, abin da ake saurara shi ne tazarar da ke tsakanin sauti da ɗan'uwansa.

Auwalu Situdiyo: Na ji Yaya, amma fa ki ki ne. Duk duniya fiyano ɗaya ce, wadda ke Kano ita ce a Chana.

Malam Habu Fizis: Wa alaikumus salam. Yanzu na fito daga aji na tarar kun shigo gonata, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Sauti girgiza ce. Tsirkiya in tana kaɗawa da sauri sai ka ji sautin ya yi kaifi, in a hankali sai ya yi kauri, kuma ana ƙirga sau nawa take kaɗawa a sakan ɗaya. Kunnen yaro lafiyayye yana ji daga wajen 20 har 20,000, tsufa kuma na saman yake fara cinyewa. To akwai abin da yake halitta ne ba wanda ya ƙirƙira. Jikan Makaɗa ɗauki goge ka taɓa tsirkiya a tsakiyarta daidai, kaɗawar za ta ninka biyu, kuma za ka ji kamar sautin farko ne ya dawo amma a sama. Shi ya sa namiji da mace za su rera abu ɗaya, shi yana 220 ita tana 440, mu ce bakinsu ɗaya. In ka bar kashi biyu cikin uku na tsirkiyar yana kaɗawa za ka sami wani sautin da ke zama lafiya da na farko, uku bisa biyu kenan, tun zamanin Girkawa aka san wannan lissafin. Iyakar nan babu gardama.

Amma yanka tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 12 daidai wa daida, farare 7 baƙaƙe 5 kamar yadda kake gani a fiyanonka Auwalu, wannan shawara ce mutanen Turai suka yanke don mai fiyano ya iya canja ki ba sai ya sake ɗaure wayoyi ba. Kuma sai da aka ɗan yi ha'inci kafin lissafin ya fita. Ana auna tazarar da ma'aunin da ake kira sent, 1200 ne daga sauti zuwa ninkinsa, kowane maɓalli 100. Uku bisa biyun nan na tsirkiya 702 ne, fiyano ta ba shi 700. Akwai wata tazarar da asalinta 386 ce, fiyano ta mai da ita 400. Wato ita kanta fiyanon da kake auna Kawu da ita a karkace take kaɗan, kunne ne ya saba. Ita ma 440 ɗin da ake saita kayan kiɗa a kai, zama aka yi a Landan a 1939 aka amince da ita.

Malam Habu Fizis: Wanda ya fito da ma'aunin sent ɗin ma, wani Bature ne ɗan Ingila Alexander Ellis, a 1885 ya auna kayan kiɗan Jaba da Indiya da Chana da Japan da na Larabawa, abin da ya gano shi ne matakan sauti ba iri ɗaya ba ne a duniya, kowace al'umma da yadda ta yanka nata. Mutanen Jaba a Indunusiya suna da wani tsari mai matakai 5 da wani mai 7, kuma ba sa hawa kan maɓallan fiyano. Kamar kwanon awo ne, ka sayi gero da kwanon wata kasuwa ka je wata ka auna ka ga bai cika ba, ba geron ne ya yi ƙarya ba.

Hajiya Uwani: Malam Habu Allah ya ƙara basira, amma ka riƙa tausayin masu ƙaramin data

Auwalu Situdiyo: Malam na yarda da lissafin. To amma me ya sa da na ɗora fiyano a ƙarƙashin kukumar kafin in gyara, abin yake wani karo yana wawawa kamar rediyo ta kama tasha biyu? Wannan ai ba sabo ba ne, har cikin haƙori nake jin sa.

Malam Habu Fizis: Wannan kam gaskiya kunnenka ya faɗa maka. In sautuka biyu suka kusanci juna amma ba su haɗe ba, misali 440 da 444, za ka ji ƙarar tana kumbura tana sacewa sau 4 a sakan, bambancin da ke tsakaninsu kenan. In tazarar ta ɗan ƙaru sai ya koma gurnani mai ƙaiƙayi. Amma lura, kafin ka kawo fiyano babu karon. Kai ka haɗa ma'auni biyu a waƙa ɗaya sannan ka yanke hukunci cewa na Kawu ne zai rusuna.

Gardi Na Tsangaya: Salamu alaikum. Ni ba ruwana da kiɗa kun sani, kuma ba ina haɗa karatun Alƙur'ani da waƙa ba ne, a'uzu billahi, maganar murya kawai zan yi. Maƙaranta na Masar irin su marigayi Shehu Abdulbasiɗ da Minshawi suna da hanyoyin ɗaukar murya da suke kira maƙamat, akwai bayati akwai rast akwai hijaz akwai saba da nahawand da sika. Galibi da bayati suke buɗewa a ƙasa ƙasa sannan su hau, kuma su dawo su rufe da shi. Wanda ya koya min sunayen ya ce a bayati da rast da sika akwai sautin da ke zama a tsakiyar maɓalli biyu, irin wanda Auwalu yake cewa kuskure ne. Miliyoyin mutane suna jin wannan kullum babu mai cewa Shehi ya kauce. Mu kuma ƙira'armu ta tsangaya daban take, in gardi yana tilawa da dare daga nesa kafin ka ji harafi ɗaya ka san namu ne ba na kaset ba.

Malam Habu Fizis: Allah gafarta Malam ka kawo hujja mai ƙarfi. Larabawa ma sun sha wannan rigimar, a 1932 an yi babban taro a Alƙahira kan kiɗan Larabawa, cikin abin da aka yi ta ja har da ko za a yanka tazarar gida 24 daidai, da ko fiyano ta dace da kiɗansu ma. Ƙarshenta dai kasuwa ce ta bi su, yau Yamaha tana yin fiyano ta musamman don ƙasashen Larabawa mai maɓallan da za ka danna ka sauke sauti da rabin tazarar maɓalli. Su ba su murɗe muryarsu don na'ura ba.

Bala Indiya: To mu wa zai ƙera mana tamu, Yamaha ta san da zaman kukuma ne hhh

Zulai Ɗalibar Hausa: Sannunku iyayena da yayyena. Akwai abin da ba a taɓo ba kuma ina ga shi ya fi ɓata wa Kawu rai. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko ta hau sama ko ta sauka ƙasa ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa, wanda muke kira faɗau a aji. Kukan yaro da kukar miya in ka cire ƙarshen duk kuka ne a rubuce, murya ce ke raba su, na yaro sama sama, ta miya sama sannan ƙasa. To mawaƙin gargajiya ba shi da 'yancin ya kai murya duk inda ya ga dama, maganar tana jan waƙar, in ya saɓa da yawa sai a ji kamar baƙo ne ke Hausa. Sannan a maganarmu murya gangarowa take yi, sautin sama da ya zo bayan na ƙasa ba ya komawa inda na farko ya kai, a haka a haka har ƙarshen jimla ta sauka. Ku saurari waƙoƙinmu na da, yawanci daga sama ake ɗauko layi a gangaro da shi. To shi faɗau ɗin nan zamewa ce, murya silalowa take. Yaya Auwalu in ka ƙure saurin Auto-Tune ai yanka zamewar yake ya mai da ita tsalle daga maɓalli zuwa maɓalli ko?

Auwalu Situdiyo: Ƙwarai kuwa ƙanwata, in ka kai saurin sifiri shi ne muryar ke yin irin ta mutum-mutumin nan da ake ji a waƙoƙin fim. Kuma gaskiya a sifirin na sa masa don haka yaran suke so.

Zulai Ɗalibar Hausa: To ka ga inda shaƙewar take.

Ɗan Mahauta: Zulai kin burge ni. Mu kalangu namu ne mahauta, da shi ake mana kiɗa ranar kasuwa tun kakanni. Ku tsaya kusa da mai kalangu ku kalli hammatarsa ba hannun da ke riƙe da makaɗi ba. Duk maganar a matsewar take, ya matse tsarkiyoyin fata ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauka, wani lokacin ma bugu ɗaya zai yi sannan ya matse ko ya saki sai ka ji sautin ya lanƙwasa kamar mutum ya ce iye. Babu mataki ko ɗaya a jikin kalangu. Amma in aka kaɗa taken babana yana can ƙarshen kasuwa yana fiɗa zai ɗago kai, ko kalangun wane ne, babba ko ƙarami, sabuwar fata ko tsohuwa. Hawa da saukar yake ganewa. Shata har ya bar duniya a 1999 kalangai ne a bayansa, wa ya taɓa tambayar a wane ki suke?

Sale Birnin Kudu: Mu ma a nan muna da duwatsu masu amo kusa da inda zanen mutanen da yake, ka ƙwanƙwasa nan ka ji sauti daban ka matsa ka ji wani daban kamar ƙarfe. Wani Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950. Auwalu ka zo da kwamfutarka ka gyara musu ki

Auwalu Situdiyo: Kai Sale Allah ya shirye ka

Maman Ummi: Ni tambayata daban ce Malam Habu. 'Yan matan unguwarmu in suna gaɗa da daddare, mai bayarwa ta ɗauko, ko waƙar sabuwa ce ba su taɓa ji ba zagaye biyu ya isa sauran su san inda za su sauke amshi, kuma duk wuri ɗaya suke sauka. Ummi tawa ba ta shiga firamare ba amma in na rera mata waƙar reno na tsaya kafin ƙarshe da gangan sai ta ƙarasa, in na ƙarasa a wani sautin daban sai ta ce ba haka ba ne Mama. Wa ya koya musu?

Malam Habu Fizis: Maman Ummi wannan ita ce tambayar da ta fi ta Auwalu ma. Kunne ba ya jin sautukan waƙa a matsayi ɗaya. A kowace waƙa akwai sauti guda da ya zama mazauni, nan ake yawan dawowa, nan ake daɗewa, nan ake sauke numfashi, sauran kuma ana jin su ne gwargwadon kusancinsu ko nisansu da shi. Wata malama a Amurka Carol Krumhansl ita da abokin aikinta sun gwada wannan a 1982, a kunna wa mutum ɗan guntun kiɗa sannan a buga masa sauti ɗaya cikin 12 ɗin a ce ba shi maki daga 1 zuwa 7, yaya ya dace da abin da ka ji. Sai ga shi amsoshin sun jeru, mazaunin ne kan gaba, sai uku bisa biyun nan da na ce da ɗan'uwansa, sai sauran 'yan cikin tsarin, na waje su ne a ƙasa. Kuma jerin ya yi kama sosai da yawan yadda ake amfani da kowane sauti a kiɗan da mutanen suka tashi suna ji. Wato ƙwaƙwalwa lissafi take yi a ɓoye tun ana goye, tana tara wane sauti ke yawan zuwa, wane ke bin wane, a ina ake tsayawa. Ummi ba a zaunar da ita an koya mata ba, a bayanki ta haddace.

Bala Indiya: Wannan mazaunin Indiyawa Sa suke ce masa, har wani abin kiɗa gare su tambura da ba ya komai sai riƙe shi yana zuuu daga farko har ƙarshe. Ni wlh tun ina yaro a gidan kallo nake jin waƙoƙinsu, ban san me suke cewa ba amma na san inda mawaƙiya Lata za ta sauka kafin ta sauka.

Malam Habu Fizis: Ai an gwada da kiɗan Indiya ma a 1984, aka kunna wa Indiyawa da Amurkawa. Dukkansu sun gane Sa, don a cikin abin da aka kunna musu shi ya fi yawa ya fi daɗewa, baƙo ma zai kama wannan. Amma Indiyawan ne suka nuna sun san tsarin da ke ƙarƙashi, wanda sai ɗan gida. Kai Bala shekarun gidan kallo ne suka ba ka kunne na biyu. Samarin Auwalu kuma a kan waƙar fiyano suka buɗe ido, tun daga ringin waya har bikin unguwa, to dole kunnensu ya ɗauka maɓallan nan su ne daidai.

Injiniya Nura: Malam ban yarda duka sabo ba ne. Kai da bakinka ka ce biyu bisa ɗaya da uku bisa biyu halitta ne. Ai dole duk ɗan Adam ya ji daɗinsu. Kakakin fada ma ba shi da huda ko ɗaya, iska kawai ake hurawa, sautuka biyun da yake bayarwa ai bututun ne ya zaɓa ba mabushi ba.

Malam Habu Fizis: Injiniya bututu da tsirkiya suna bin lissafi ba musu. Amma jin daɗin fa? Akwai wasu mutane a dajin Amazon na ƙasar Bolibiya ana ce musu Tsimane, ba su cika jin kiɗan Turawa ba. Josh McDermott na jami'ar MIT da abokansa sun je sun kunna musu sautuka a haɗe, waɗanda Bature ke cewa sun dace da waɗanda yake cewa sun yi karo, aka buga sakamakon a 2016. Su duk ɗaya suka ji su wajen daɗi, alhali mutanen birni a ƙasar tasu sun fi son masu dacewar, Amurkawa kuma sun fi kowa. Ba wai kunnensu bai da lafiya ba, gurnanin nan mai ƙaiƙayi su ma ba sa so. A 2019 aka koma aka ce su maimaita abin da suka ji da baki, suna kama tazarar daidai amma ba sa damuwa su dawo kan ninkin sautin kamar yadda Amurkawa ke yi. Sannan a 1990 an gwada jarirai 'yan wata 6 a Amurka, a karkatar da sauti ɗaya a cikin waƙa a ga ko za su lura. Jariran sun lura a tsarin Turawa sun lura a na Jaba duk ɗaya, manya kuwa a nasu na gida suka fi kamawa.

Injiniya Nura: To na rage murya amma ban janye ba. Gurnanin da kowa ya ƙi ai halitta ce.

Malam Habu Fizis: Wannan na ba ka.

Hajiya Uwani: Ni dai a bar ni da Haruna Uji, mutumin Haɗeja da gurminsa. In na kunna a gida jikokina sai su ce Hajiya wannan abin ba ya tashi. Da can ina zaton rashin kunya ce ashe kunnen ne aka canja musu

Ɗan Mahauta: Hajiya ai Ɗan Maraya Jos ma da tsirkiya ɗaya a jikin gwangwani ya zaga duniya, yau a kawo shi situdiyon Auwalu sai an ce a gyara

Sale Birnin Kudu: Malam to akwai wani abokinmu, ba zan kama suna ba yana cikin gidan nan, ko taken ƙasa aka ɗauko a makaranta shi nasa daban yake tafiya kuma bai san ya bar jama'a ba. Shi kuma wane tsari yake bi, na Jaba?

Malam Habu Fizis: Hhh Sale ka ji tsoron Allah. Yawancin masu haka kunnen lafiya lau, bakin ne bai samu horo ba. Amma akwai waɗanda da shi aka haife su, suna jin magana sarai amma ƙaramin hawa da sauka na waƙa ba sa rabewa, har waƙar da kowa ya sani ba sa gane ta sai da kalmominta. Binciken Isabelle Peretz a Kanada na 2017 ya sa su wajen mutum 1.5 cikin 100. Ba ciwo ba ne na asibiti.

Maman Ummi: Wani abu kuma, me ya sa a 'yar ƙaramar wayata nake jin kaurin muryar namiji alhali sifikar ba ta kai farcena ba? Na ɗauka sai babbar sifika ke fitar da kauri.

Malam Habu Fizis: Ba ta fitar da shi kuwa. Muryar da ke kaɗawa 100 tana tafe da 'ya'yanta 200, 300, 400, 500 haka. Layin kiran waya na asali daga wajen 300 yake farawa zuwa 3,400, wato 100 ɗin ba ta iso kunnenki ba sam. Ƙwaƙwalwa ce ke ganin tazarar ɗari ɗari da ke tsakanin 'ya'yan ta mayar miki da uwar da ta ɓata. Shi ya sa nake cewa ji ba a kunne yake ƙarewa ba.

Auwalu Situdiyo: To jama'a ina nan ina gwaji tun ɗazu. Na kashe Auto-Tune na bi kukumar da kunne, sautuka biyar ne kacal yake yawo a kansu sai ninkinsu a sama. Na nemo mazaunin na matsar da fiyanon gaba ɗaya ta hau kansa, sai na ga in na tsaya a baƙaƙen maɓallai kawai abin ya kusa, uku sun zauna, biyu ne suke ɗan ƙasa da maɓalli. Kuma ashe fiyanon tawa tana da wajen saita kowane maɓalli shi kaɗai a sauke shi da sent, a cikin menu yake ban taɓa shiga ba.

Jikan Makaɗa: To ka bi shi da kunne kar ka bi da ido. Kuma kar ka cika masa sautuka uku uku a haɗe irin na coci, mu a kiɗanmu murya ɗaya ake bi, 'yan amshi ma layi ɗaya suke ɗauka gaba ɗaya. Ka riƙe masa mazaunin a ƙasa da ganga ya ishe shi.

Bala Indiya: Duk na ji amma fa ku tuna wa zai biya kuɗin. Shi Auto-Tune ɗin nan tun 1997 ya fito, wanda ya ƙirƙira shi ma injiniyan neman man fetur ne, kuma yau babu waƙar fim ɗin da za ta shiga kasuwa babu shi. Samari suka kawo aiki, su suka ce gyararriya suke so.

Zulai Ɗalibar Hausa: Yaya Bala to in kowane situdiyo ya yi ta ja musu murya zuwa maɓalli, yaran da ke goye yanzu me za su tara a kunne? Nan gaba ko an kunna musu ta asalin ce musu za su yi ta karkace.

Bala Indiya: Ai sun riga sun fara, ba ki ji jikokin Hajiya ba

Auwalu Situdiyo: Biyu zan fitar. Ta samari na nan yadda suke so don sun ba da kafin alƙalami, ɗayar kuma fiyano ce za ta bi Kawu. Zan turo su nan ba tare da na faɗi wacce ce wacce ba, kowa ya zaɓa ya rubuta shekarunsa a gefe.

Hajiya Uwani: Zaɓi dai zan yi, shekaru kuma ka tambayi babarka ita ta san tsakaninmu

Injiniya Nura: Ka turo da fayil ɗin asali ba ta boyis ba, boyis matse sauti yake. Kuma Malam Habu kar ya yi zaɓe, ya riga ya san amsa.